Mai Yi wa Bernabé Ribas

Duk wanda ya taɓa zama a rumfata da la'asar ya san Zunilda, ko da bai san sunanta ba. Ni Eulogia, ina sayar da tanar kamun kifi da ƙananan kifin da ake saƙalawa a ƙugiya, a saman gangaren simintin da ake saukar da jirage cikin kogin Parana. Ita kuwa ita ce gajeriyar matar nan mai tabarau da ke zuwa da tsohuwar a-kori-kura, tana jan 'yar tirelar da ake ɗora jirgin mijinta a kai. Ni na riƙe 'yarta ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre.

Zunilda tela ce. Abin da take so a sani game da ita ke nan, kuma shi ne mutane ke mantawa. A wajen gwaggonta ta koyi ɗinki, hannunta kuwa ya faɗa tun tana budurwa. Burinta a lokacin ta buɗe shago a birnin Corrientes. Sai ta auri Bernabé, mai kai baƙi kamun kifi a jirginsa mai inji.

A nan ba a barin jirgi ya kwana a ruwa. In ɓarayin inji ba su ziyarce shi ba, kututturan da kogi ke kawowa za su fasa masa ciki. Kullum a saukar da safe, a fitar da yamma. Saukarwa babu wuya, jirgin da kansa yake zamewa. Fitarwa ce aikin mutum biyu: ɗaya a jirgi yana riƙe shi da inji kada ruwa ya tafi da shi, ɗaya a mota yana yin ribas har tirelar ta nutse daidai yadda jirgin zai hau. Da can ƙanen Bernabé, Delfino, shi ke riƙe motar. Suna cikin amarci Delfino ya samu aiki a rijiyoyin mai na kudu.

"Ki ɗan riƙe mini kafin Delfino ya dawo," in ji Bernabé.

Delfino ya yi aure a can, yanzu har jikoki gare shi.

Haka Zunilda ta wayi gari direba. Rana na karkatawa za ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ko da tana tsakiyar hannun riga, ta taho da allurai soke a gaban rigarta. Ba ta iya iyo ba, ba ta son ruwa, ko kifin ma ba ya burge ta. Amma ta iya ribas. Na ga maza masu sababbin motoci suna gumi a gangaren nan, tirela na lanƙwashe musu kamar wutsiyar kare, ita kuwa hannu ɗaya a sitiyari take sauka.

Matsalarta ɗaya ce, Bernabé. Ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, don haka shi ba ya jin kowa, yana kuma zaton kowa ba ya jin sa. Zai miƙe tsaye a jirgi yana wurwura hannuwa biyu kamar mai korar ƙudan zuma.

"Hagu, tsohuwa! Hagu!"

Sai ta leƙo ta taga. "Hagun wa? Naka, ko nawa, ko na madubi?"

"Me kika ce?"

"Na ce ka sauke hannuwan nan, ina gani!"

"To ai shi nake faɗa miki, hagu!"

Yau da gobe har masu zama a rumfata suka haddace. Wani lokaci tun kafin Bernabé ya buɗe baki wani zai ce, "Hagu, tsohuwa," a ƙyalƙyale da dariya. Ita ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ta sha gaya mini, "Komadre, shekara da shekaru ina saka masa tirelar nan a inda ya dace, bai taɓa yarda cewa ni na saka ba. Gani yake hannuwansa ne ke tuƙa ni."

A shekarar da kogi ya ja baya ne abin ya kai maƙura. Ruwa ya yi ƙasa har tsibiran yashi suka fito a inda da manyan jirage ke wucewa. Gangarenmu kuwa yana da iyaka: inda simintin ya ƙare akwai gaɓa mai zurfi, ruwa ya zaizaye ƙarƙashinta. Da ruwa ya ja, gaɓar ta dawo kusa, tana ɓoye a ƙarƙashin ruwan da bai kai gwiwa ba. Hukumar gari ta ce za ta ƙara tsawon simintin. Aka zo aka auna, aka tafi.

Ranar wata Lahadi ce, ana dab da karnabal, bikin raye-rayenmu na shekara. Zunilda na da kayan rawar wata yarinya a kan keke, irin masu duwatsu da gashin tsuntsu, uwar yarinyar kuma ta ce da yamman nan za ta zo gwaji. Zunilda ta iso gangaren a gaggauce, ta tarar da layin motocin 'yan birni da suka zo hutu. Ta jira, tana ƙwanƙwasa sitiyari da yatsa. Da layi ya zo kanta ta sauka sumul, ta tsaya, ta ja birkin hannu.

Bernabé ya nufo tirelar, ruwa ya ture gindin jirgin gefe, ya hau a karkace. Ya koma baya ya sake, haka dai.

"Ƙara shigowa! Ba ta nutse ba!"

"Nan ne iyaka, Berna. Gaɓa na bayan taya."

"Me?"

"Gaɓa! Ka hau haka, sai mu ja da igiya!"

"Kaɗan kawai! Ni da nake cikin ruwan ban fi ki gani ba?"

Na baya suka fara danna hon. Na ga lokacin da ta cije leɓe ta saki birki. Motar ta matsa kamar taku ɗaya, sai muka ji ƙum! Tayoyin tirela duka biyu sun faɗa gaɓa, ƙarfenta ya zauna daram a bakin siminti.

Ta sa giya ta taka. Tayoyin mota suka yi ta juyawa a kan gansakuka, tirela ko gezau. Kafin ka ce kwabo gangare ya cika da maza, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a sace iskar taya, wancan ya ce a cire tirelar daga mota, wani ya ce a nemo katako. Nemesio mai tarakta, wanda da shi ne zai fitar da ita cikin sauƙi, aka ce yana gidan surukansa cin gasasshen nama. A ƙarshe maza suka shiga ruwa har ƙugu suka tallabi tirelar, ita kuma tana ja. Warin kuloci ya cika wurin. Su ɗaga, ta ja, tirela ta koma. Su sake ɗagawa.

Suna cikin haka wani ɗan birni mai farar hula, wanda ko takalminsa bai jiƙa ba, ya ce da ƙarfi, "Ai dole. Wa ya ce a ba mace ribas a irin wannan wuri?" Ya juya ga Bernabé. "Ko ba haka ba, maigida?"

Bernabé ya yi 'yar dariya ya gyaɗa kai. Har yau ban sani ba ko ya ji abin da aka ce, domin abin da yake yi wa duk maganar da ta wuce shi ke nan. Amma Zunilda ta gan shi a madubi.

Aka sake ɗagawa, ta ja, tirela ta hau siminti. Ta jira aka jawo jirgin da igiya aka ɗaure, ta haura da shi har gaban rumfata, ta kashe mota. Ta fito ta damƙa wa mijinta makulli a tafin hannu.

"Ga kayanka."

"Ina za ki?"

"Gida. Ni tela ce."

Ta tafi a ƙasa. Ta tarar uwar yarinyar ta zo ta gaji da jira ta koma, kuma daga wannan shekarar matar ba ta sake kawo mata ɗinki ba.

Kowa ya ɗauka fushin kwana ɗaya ne. Ba haka ba. Bernabé ya shirya da Nemesio, amma Nemesio sai ya gama barcin rana, ya sha shayin ganyenmu na mate, ya ga dama. Sau da yawa jirgi na ta zagaye a ruwa yana ƙona mai, tarakta ba labari. Da ya gaji, Bernabé ya ce shi kaɗai zai iya. Sai ya riƙa zuwa da motar da kansa yana barin ta a gefen rumfata, da yamma ya ɗaure jirgin a wani turke, ya haura da gudu ya yi ribas.

Ana nan sai ga Zunilda wata la'asar da kujerarta ta naɗewa da butar ruwan zafi. Ta zauna kusa da ni.

"Shan iska na zo yi, komadre."

"Iskar ce babu a unguwarku?"

"Zuba mana mate, ki bar surutu."

Muna sha muna kallo. Bernabé ya fara ribas, tirela ta yi dama. Ya gyara, ta yi hagu. Ya yi gaba ya sake, ta lanƙwashe har ta kusa dukan gefen motar. Can ƙasa kuma ruwa na buga jirgin a jikin turke. Masu zama suka samu abin yi. "Hagu, tsoho! Hagu!" Ni kuwa ita nake kallo. Fuskarta kamar dutse, amma hannunta na dama yana juyawa a kan cinyarta, ƙafarta ta hagu tana taka ƙasa, kamar ita ke tuƙin.

Ta zo washegari, ta zo jibi. Ɗinkin da ta ce za ta samu lokacinsa yana can yana jiran ta. Ta ce da ni in la'asar ta yi ba ta iya zare allura, hankalinta na nan bakin ruwa, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi.

Ranar da abin ya ƙare, Bernabé ya hau da tayar tirela kan dakalin gefen gangare, fitilar baya ta tarwatse. Ya yi gaba zai sake, ya kuma nufar dakalin. Zunilda ta dire ƙoƙon mate har ya zube mini a zane. Ta gangara, ta buɗe ƙofar motar.

"Fita."

"Me?"

"Na ce fita! Wannan kam ka ji!"

Ya fita sumui-sumui ya koma jirginsa. Ta miƙe tirelar, ta sauka, ta tsaya kafin gaɓa. Ya hau, aka ɗaure, ta haura. Wani ya fara tafi, ta watsa masa harara, ya mayar da hannuwansa aljihu.

"Kin huce ke nan," na ce da ita.

"Wa ya huce? Ba tausayinsa na ji ba, komadre. Ganin ana ɓata aiki ne ba zan iya ba. Shi ke nan ni tawa ta same ni."

Bernabé bai ba ta haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Da sati ya zagayo sai ya shigo gida da wani abu naɗe a takarda mai ado, ya ajiye mata a kan keken ɗinki. Ta ce har gabanta ya faɗi, ta zaci almakashin nan na tela ne da ta daɗe tana nuna masa a kasuwa. Ta buɗe. Sabon madubin gefen mota ne, babba.

"Don ki riƙa ganina sosai," ya ce.

Ta zo ta ba ni labari tana huci, ni kuwa na yi dariya har da hawaye, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Daga baya ruwa ya dawo, gaɓa ta koma can ƙasa, hukuma ta manta da maganar siminti. Yanzu gwiwar Zunilda ta hagu ta fara ciwo. Likita ya ce ta daina taka kuloci. Jiya take gaya mini, tana zaune tana murza gwiwar da man zafi.

"Na ce masa, likita, sai dai ka zo ka gaya wa jirgin."

Tana rufe baki muka jiyo ƙarar injin Bernabé daga kwanar tsibiri. Ta yi tsaki, ta rufe kwalbar man, ta dafa kafaɗata ta miƙe.