Ɗalibar Jinya a Motar Garki

A tashar Dutse, wata ɗalibar jinya tana zaune kusa da ni a kujerar baya, inda ake ajiye mu mata tun zuwan Shari'a. Farin takalminta ya leƙo daga ƙarƙashin dogon hijabi, jikinta na warin asibiti. Tana jan numfashi, leɓɓanta na ƙirga huɗu, sannan ta sauke a hankali. Ina jin a makaranta aka koya musu haka, don kada abin da suke gani ya biyo su gida.

A ɗaya gefenta wata tsohuwa ta ɓingire da barci, baki buɗe. Ɗalibar ko kallonta ba ta yi ba. Hannunta kawai ya tafi, ya haɗe wa tsohuwar baki, ya shafe idanunta, ya ja mayafi ya lulluɓe fuskar.

Daga ƙarƙashin mayafin murya ta fito: "'Yar nan, da sauran kwanana."

"Ki yafe ni, Iya," in ji ɗalibar, tana duban hannun kamar ba nata ba. "Mutum uku na rufe yau."

Ta sake jan numfashi. Har mota ta tashi, ban ji ta sauke shi ba.