Ranar da Gwaggo Ta Wanke Fuskar Inna

Innata ba ta yarda da hoto ba. Duk rayuwarta sau ɗaya ta tsaya gaban mai hoto, don katin zama na baƙi, shi ma ta fito ido a zare kamar wadda aka kama da kayan sata. Shi ya sa da ciwon ƙoda ya kwantar da ita a ɗakinmu na unguwar Bromakoté, na ga tana ƙarewa a gabana, na ƙudura sai na ajiye fuskarta a wani wuri.

Ina da wani littafi mai kauri da nake zane a ciki tun ina makaranta. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙyallen atamfa daga wajen teloli, tambarin buhun shinkafa daga shagon babana, fuskokin da na gani cikin gbaka, motar hayar gari, da 'yan kalmomi a gefe in raina ya ɓaci. Da biro nake yi, kuma biro bai taɓa rage ni da komai ba.

Sai wata ƙawata ta ja ni wani aji a unguwar Treichville, bayan tashar mota ta Gare de Bassam, inda wata madam da ta yi karatu a Faransa take koya wa mata yadda ake zuba abin da ke zuci a takarda. Wai sai an koya mana! Ta kunna kyandir da rana tsaka, ta ce mu rufe ido mu saurari cikinmu. Ni dai yunwa na ji. Wata ta yayyaga jarida ta manna, madam ta dafe ƙirji kamar za ta suma don daɗi. Da ta zo kan littafina sai ta yatsine fuska, ta ce biro kayan ofis ne. "Ke 'yar Nijar, ina kayan kakanninki? Ina tawadar allo?" Matar da ko Yamai ba ta taɓa takawa ba, ita ce za ta nuna mini kakannina.

Duk da haka na sayi tawadar a wajen masu sayar da allo a kasuwar Adjamé, irin ta ƙaro da gawayi, da alƙalamin kara. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. In na tsarma ta da ruwa tana ba da inuwar da ke ƙarƙashin idon Inna, abin da biro ya kasa. Na zana tsagar kumatunta, da wushiryarta, da yadda take cije leɓe in ciwon ya motsa. Takan ce, "Ke dai ba ki da aikin yi," amma sai ta juya fuskarta wajen hasken taga.

Ana haka Gwaggo ta tare a gidanmu, wai jinya. Yayar babana ce, likitar kowa, ba ciwon da bai da wanda ya jawo shi a wurinta. Ita ta ga littafin. Ta buɗe shafi bayan shafi, ko wanne Inna ta fi ramewa a kan na baya, sai ta saki salati har maƙwabta suka leƙo.

"Ga abin da ke cin matar nan! Duk zanen da kika yi sai kin ɗebi wani abu a jikinta."

Na ce, "Haba Gwaggo, ramewa take ina zanawa, ba zanawa nake tana ramewa ba."

Ta kwashi littafin ta kai wa malamin unguwarmu. Bawan Allah ya duba ya ce zane ne kawai, a ci gaba da kai ta asibiti. Gwaggo ta dawo tana tsaki, wai malaman yanzu boko ya gama da su. Na karɓe abina na tura ƙarƙashin katifa, a zatona magana ta mutu.

Washegari na tafi sayo magani. Na dawo na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗaki da kwanon sha a gabanta, ta ciccire shafukan Inna tana murza su cikin ruwa da tafin hannu, yadda ake wanke rubutun allo. Tawadar allo kuwa don a wanke ta aka yi ta. Takardun sun koma fari fat, ko gira ɗaya ba ta rage ba. Har da tacewa da rariya, don gwaninta.

"Abin da aka ɗeba a jikinta ya koma jikinta," in ji ta.

Na yi ihu, na faɗa mata maganganun da har yau ban yi nadamarsu ba. Ba ta ko kalle ni ba, ta shiga ta tallafo kan Inna ta kafa mata kwanon. Inna ta san ko mene ne a ciki. Ba ta taɓa musa wa dangin mijinta ba, ba kuwa a gadon ciwo za ta fara ba. Ta shanye, ta goge baki, ta kama hannuna ta ce a hankali, "Daina kuka. In na ji sauƙi sai ki sake wani, zan zauna miki da kyau."

Ba ta ƙara iya zama ba. Kafin watan ya mutu muka kai ta makwancinta. Gwaggo har yau tana faɗa wa mutane da an gano littafin da wuri da matar ƙanenta tana nan. Ni kuma na zauna da alƙalami ban san sau nawa ba, na kasa tuna ko tsagar nan a dama ta fi tsawo ko a hagu.