Rayuwar Saribanong Daeng Kebo, Mai Romon Bakin Tasha

Haihuwa da tasowa

An haifi Hajiya Saribanong Daeng Kebo a shekarar 1941 a garin Jeneponto, a gidan Sangkala Daeng Lewa, mai sana'ar gishiri, da matarsa Basse Daeng Ratu. Ta yi karatun Alƙur'ani a hannun kawunta, ta kuma yi aji uku a makarantar boko kafin rashin lafiyar mahaifiyarta ya mayar da ita madafi, inda ta ƙware a dafa coto, romon nama da kayan ciki.

Aure da sana'a

A shekarar 1960 aka ɗaura mata aure da Mappasomba Daeng Tutu, mai tuƙa keken fasinja, suka koma Makassar. A nan ta kafa rumfar romo a bakin tashar jiragen ruwa, kuma ba a jima ba 'yan dako da matuƙa suka mayar da wurin majalisarsu.

Larurar hannu

A cikin daminar 1969, jim kaɗan bayan ta haifi ɗanta na uku, fatar hannuwanta ta fara ja, tana tsagewa, tana fitar da ruwa. Wani ɗan dako ya furta kalmar kuturta a gaban jama'a, kafin wata ya ƙare babu mai zama a kan bencinta. Mai unguwa ya aiko cewa ta shirya komawa unguwar kutare da ke bayan gari. Ita kanta ta gaskata. Ta ware kwanonta, ta miƙa jaririn ga ƙanwar mijinta, ta daina taɓa shi, sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon ana ba shi madarar gwangwani.

Mijin ne ya ƙi yarda. Ya ɗora ta a kekensa, ya kira ta da sunan babban ɗansu, ya ce, “Uwar Jamal, kullum baƙi nake ɗauka. Yau ke ce fasinja, kuma ba inda za ki sai likita ya gani da idonsa.”

A asibitin gwamnati suka sami likitar fata, Dokta Martina Rantung. Ta sa Saribanong ta rufe ido, ta riƙa goga mata auduga a kan tabon, domin tabon kuturta ba ya jin taɓawa. Saribanong ta zabura ta janye hannu.

“Wayyo, cakulkuli kike mini, likita!”

Likitar ta yi dariya, ta kira ta da laƙabin girmamawa na mutanen yankin, ta ce, “To, Daeng, kin sallami kanki. Me kike wanke tukwane da shi?”

“Toka da sabulun wanki. Ga lemun tsami da barkono tun asuba.”

“Su ne abokan faɗanki. Borin fata ne, ba ya yaɗuwa. Je ki ɗauki ɗanki.”

Gwajin da aka yi daga baya ya tabbatar da maganarta. An ba ta man haidurokotison mai maiƙo, wanda ya fi dacewa da busasshiyar fata, aka umarce ta da ta shafa kaɗan, ta tsaya idan ya lafa, ta kuma sa safar hannu ta roba wajen wanki. Iyalinta sun ruwaito cewa a ranar ta shiga gida ko takalmi ba ta cire ba, ta karɓi jaririn, ta ƙi sauke shi har aka kira magariba. Da hannun ya warke, Daeng Tutu ya zauna a kan bencin ya sha kwano uku a jere a gaban 'yan dako. Washegari suka dawo, har da wanda ya fara maganar.

Jarrabawa ta biyu

A shekarar 1984, bayan rasuwar mijinta, ƙuraje suka feso mata a fuska. Ganin yadda man shafawa ya taɓa ceto ta, sai ta sayi wani kirim mai ƙarfin gaske a kasuwa ba tare da shawarar kowa ba. Ta yi fiye da shekara tana shafawa, har fatar ta yi sirara, ƙananan jijiyoyi suka bayyana, kuma duk ranar da ta tsallake sai fuskar ta kumbura tana zafi. Autarta Hasnawati, wadda take 'yar sakandare a lokacin, ita ta raka ta wurin Dokta Rantung, wadda ta riga ta yi ritaya.

Likitar ta dubi fuskar ta ce, “Daeng, ke da kika san gishiri, buhu guda kike zuba wa tukunya? Na hannu daban, na fuska daban.”

Ta bayyana mata cewa irin wannan magani hawa-hawa ne, kuma fatar fuska ba ta jure mai ƙarfi. Aka riƙa rage mata shi sannu a hankali, aka haɗa da man da ke tausasa fata kawai. Cikin ikon Allah fuskar ta lafa kafin shekara ta zagayo, saura ɗan ja a kumatu wanda ba ta taɓa damuwa da shi ba.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Ta sauke farali a 1996, ta miƙa rumfar ga babban ɗanta a 2003, ta koma renon jikoki. Allah Ya yi mata rasuwa ranar Juma'a a cikin watan Sha'aban na shekarar 2019, tana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sallah a masallacin unguwarsu, aka kai ta makwancinta kusa da mijinta.

Ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: Jamaluddin, mai riƙe da rumfar romo, Rosdiana, malamar firamare a Gowa, Syahrir, injiniyan jirgin ruwa, da Hasnawati, mai kantin magani a Parepare, wadda har yau ba ta sayar da man shafawa mai ƙarfi sai da takardar likita, ko da mai nema yayanta ne.