Hodi, Muryar da ke Bayan Tamba

Kafin rana ta hau kan ruwan Argungu, Hodi ya riga ya sha ruwan ɗumi da citta, ya yafa mayafinsa, ya bi ta gefen masunta masu shanya koma, ya isa ƙofar gidan Tamba. Ba ya wuce zaure. Yakan zauna kan wani tsohon turmi da aka kife, ya jira maigidansa. In Tamba ya fito suka gaisa, sai Hodi ya shiga jero masa manoman da za su je wa a ranar: wane ɗan wane, gonarsa tana bakin wane tafki, kakansa da me ya yi suna. Tamba yana gyaɗa kai, idonsa a lumshe. Haka suke tun ba a yi mafarkin za a yanko mana Jihar Kebbi daga Sakkwato ba.

Tamba mawaƙin noma ne, duk fadamar Rima ta san shi. Hodi ɗan amshinsa ne, kuma ba kowa ya taɓa tambayar sunansa ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a baya, in Tamba ya kai ƙarshen baiti ya karɓe, ya riƙe waƙar har maigida ya maida numfashi. In Tamba ya kira sunan mai gona, Hodi ya maimaita shi da ƙarfi don na ƙarshen layi su ji. Doka ɗaya ce a sana'ar: ɗan amshi ba ya jan waƙa matuƙar maigidansa yana tsaye. Ran da ya ja, ya shaida wa duniya cewa maigidan ya ƙare.

Ni ba mutumin kiɗa ba ne, kuma ba na ɓoye ra'ayina. Tun da aka yi jiha, ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, shagunan kaset suka yi yawa a unguwar Nasarawa, abin da ke fita daga cikinsu hayaniya ce. Yaro ya sami fiyano, ya danna, inji ya yi masa ganga, ya yi masa kalangu, shi kuma ya maimaita magana guda har kaset ya ƙare. Bai san kakan kowa ba, bai taɓa sa mutum ya ƙara kunya ɗaya a gona ba. Wannan ba ci gaba ba ne, lalaci ne. Na faɗa wa Hodi haka, ina jiran ya taya ni. Sai ya yi murmushi.

"Malam, kana da tsanani. Yaran ga na da murya, wasu ma sun hi mu. Abin da ba su da shi guda na, wanda ka tare su in sun hwaɗi."

A lokacin ban gane nauyin maganar ba. Laure, matar Tamba, ita ta fahimtar da ni, tana bayan ƙyauren zaure.

"Malam, maigida ya daɗe shina mantuwa. Shina kiran ɗiyatai da sunan ƙanwatai. Ba wanda yas sani waje, don Hodi na tsaye."

Ga yadda yake yi. In ya ji numfashin Tamba ya canza, ya san baitin gaba ya ɓace masa. Sai ya ja amshin ya yi tsawo kamar daɗi ne ya ɗebe shi, a wutsiyarsa kuma ya sauke murya ya jefa kalmar farko ta baitin, ko sunan mai gona, daidai kunnen maigida. Tamba ya cafe, ya ci gaba, manoma su yi shewa. Sauran 'yan amshin sun watse, wasu sun koma kabu-kabu a birni. Saura Hodi da Abu mai ganga.

Zayyanu, mai shagon kaset a Nasarawa, wanda shi ma yake waƙa da fiyano, ya taɓa tare Hodi a tasha. Mutane da dama sun ji.

"Baba Hodi, muryag ga taka hasara ta a baya. Taho mu yi maka kaset, kai kaɗai, hotonka a kwali. Inji shi yi maka amshi."

"Injin naku, in mutum ya ɓace shina ji?"

"Ba shi ji, Baba."

"In an ƙare shina shan hura da kai?"

Aka yi dariya, har da Zayyanu. Hodi ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi wa sana'a albarka, ya hau mota.

Farkon daminar bana, Usmanu na Ambursa ya kira gayyar noman shinkafa, kuma labari ya bazu cewa wannan ce fitar Tamba ta ƙarshe. Na je. Ban taɓa ganin fadama kamar safiyar nan ba. Ruwa ya kwanta tsakanin ciyawa yana ɗauke da sararin sama, har mutum ya rasa ko balbelun da yake gani a sama suke ko a ƙasa. Manoma sun jeru da kalme, laka har gwiwa. Gangar Abu tana tafiya kan ruwa, ta je can nesa ta dawo a hankali. Tamba ya fara, Hodi ya karɓa: "Mu je gaba, rana ba ta yi ba." Layi ya motsa gaba ɗaya kamar mutum guda.

Da aka zo wurin kiran mai gona, Tamba ya yi shiru. Ya tsaya yana kallon ruwa, fuskarsa a sake, kamar wanda aka kira daga wani gari. Hodi ya ja amshi, ya jefa masa "Usmanu". Bai cafe ba. Ya sake, bai cafe ba. Abu ya juyo. Kawuna suka fara ɗagowa daga layi.

Hodi ya san waƙar nan daga farko har ƙarshe, kuma muryarsa ta isa. Da ya ja baiti ɗaya an wuce wurin, amma da duk Ambursa ta koma gida da labarin cewa Tamba ya ruɗe a gaban jama'a, yaronsa ya ƙwace waƙa. Bai ja ba. Ya matso, ya jingina kafaɗarsa da ta tsohon, yana ta maimaita amshi.

Tamba ya waiwayo ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Daga cikin duk sunayen da ya kira a rayuwarsa, ɗaya ne ya rage masa. Ya ɗaga murya: "Hodi ɗan Sama'ila, na bayana, kai ka riƙe ni."

Aikin ɗan amshi ne ya maimaita sunan da aka kira. Hodi ya buɗe baki, ba abin da ya fita. Mutum ba ya yabon kansa. Ganga tana ta bugawa, gurbin amshi yana buɗe. Sai Usmanu, wanda aka manta sunansa a gonarsa, ya ɗaga kalme sama ya karɓa: "Hodi ɗan Sama'ila!" Na kusa da shi ya karɓa, layi ya ɗauka har ƙarshen fadama, sunan ya bi ruwa ya tafi. Jama'a suka ɗauka ban kwana ne Tamba ya shirya.

Ba zan tona abin da Hodi ya rufe ba da ba Tamba ne ya sa ni ba. Ya aiko aka kira ni, ya ce, "Rubuta, Malam. Hwaɗa musu tun ina tune da shi."

To ga shi na faɗa. Kai ne, Hodi, ka tsaya a baya har gashinka ya yi fari, ba ka taɓa leƙen gaba ba. Kai ne ka san waƙa ka haɗiye ta don mutuncin wani. Inuwar maigida, mun gode. Allah ya saka maka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa Tamba.

Ku kuma masu fiyano, har yanzu ina nan kan bakana: kiɗanku ya rage daraja. Ba murya kuka rasa ba, mutum kuka fitar daga cikin waƙa. Ku je Argungu ku koyi tsayawa a bayan wani. Ba za ku sha wahalar samun Hodi ba. Sun daina fita gona, amma kowace safiya yana kan turmin nan, yana jero wa Tamba sunayen 'ya'yansa, Tamba yana maimaitawa a bayansa.