Tasar Uwargida a Kan Tsamiya

Kububuwa ta sari uwargidana a gonar albasa da rana tsaka, a ƙauyenmu da ke bayan Horo Birni. Kafin in kai ta inuwa ƙafar ta fara kumbura, ni kuwa sai juya waya nake, babu sabis ko ƙwaya ɗaya.

Ni ne masanin garinmu, domin na yi aji huɗu a Bodinga kafin malamai su gaji da ni. Na sha gaya wa mutanen majalisa cewa maganar waya tafe take kamar igiyar ruwa idan an jefa dutse a dam ɗin Shagari. Tana bazuwa, tana raunana da nisa, in ta bugi bango ta dawo. Tudun gabas ne ke tare mana ita. Su yi dariya, ni ma in taya su. Ranar nan dai ba wanda ya dara.

"Malam, mi kaka jira?" in ji ta, haƙoranta na jini. "Ko sai ka gama lacca?"

Na zubar da albasar da ke cikin tasarta ta silba, na rataya tasar a wuya, na kama hawan tsamiyar da take kwance a gindinta. Rabona da hawa itace tun ina da gashi. Gwiwa na ƙara, ina salati. A reshen sama na juya bakin tasar wajen Shagari, na riƙe wayar a tsakiyarta, don abin da ya bugi ƙarfen ya taru wuri guda, yadda murya ke dawowa daga rijiya.

Shiru. Na karkata ta kaɗan. Shiru. Daga ƙasa na daina jin masifarta, wannan ya fi komai tsorata ni. Na roƙi Allah da duk addu'ar da na sani. Sai ga ƙwaya ɗaya ta leƙo.

Na kira ɗan ƙanena mai motar haya, ya ɗauka, muryarsa na yankewa. "Baba? Ba ni jin ka!"

"Maciji! Innarka! Gona!" na kwarma, har awaki suka watse.

Tasar ta suɓuce ta faɗi, sabis ya tafi. Na sauko ban san ko ya ji ba. Na ɗora kanta a cinyata, ina kasa kunne ga hanya, har na jiyo gurnanin inji daga bayan tudun kafin in ga motar.

Uwargida ta tashi, amma yatsun ƙafarta biyu sun tafi. Tasar na nan a lotse, kuma ba ta yafe mini ba.