Ranar da Kawu ya raina aikin hannunsa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da kawaici ya kayar da kawuna ba.

Kawu ya daɗe yana aiki a wata masana'antar niƙa dabino a bayan garin Makka, har ƙarar injuna ta cinye masa kunne ɗaya. Ma'aikata suna gudun robar toshe kunne, don in ta faɗa cikin dabino ba mai ganinta, sai a zubar da kaya a kori mai ita. Kawu ya yi ta gwaji a ɗakinsa a unguwar Tandabawi, har ya dasa ƙwayar ƙarfe cikin robar, yadda in ta faɗi injin gano ƙarfe zai yi ƙara. Ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, wadda za ta hana kowa ƙera ta sai da izininsa. Burinsa ya samu kuɗi da ita, ya rabu da injunan nan kafin ɗaya kunnen ya tafi.

Sai wani kamfani ya ƙalubalance shi, wai abu ne a fili, kowane ma'aikaci zai iya tunaninsa. Ni na raka shi gaban kwamitin da zai yanke hukunci in yi tafinta, don Larabcinsa na kasuwa ne.

Shugaban kwamitin ya jujjuya robar, ya ce, "Masha Allah, ya Hajj! Yaya aka yi ka gano wannan?"

Mu kuwa in an yabe mu, sai mu sunkuyar da kai. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, ranka ya daɗe. Duk wanda ya yi aiki a wurin zai iya."

Na raɗa masa, "Kawu, kada mu ce haka." Ashe ta wajen mataccen kunnen nake zaune. Ya zungure ni: "Yalla, maza fassara mana! So kake a ce ina alfahari?" Na riga na rantse zan faɗi gaskiya, na fassara. Lauyan kamfanin ko tambaya bai ƙara ba, aka hana Kawu takardar.

Yau robar tana masana'antu da sunan wasu. Kawu yana nan gaban injin, in ka yi masa magana sai ya kalli bakinka. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Na koyi cewa kawaici ado ne a zaure. A gaban masu hukunci kuwa, in ka raina kayanka, a yadda ka faɗa za a ɗauka.