Dashen Ɗalhatu

Ɗalhatu ɗan Kura ne, ɗan manomin shinkafa, amma shekararsa goma sha ɗaya a Dubai ƙafarsa ba ta taɓa laka ba. A wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye yake aiki a unguwar Al Sabkha, yana sayar wa mutane hutun da shi kansa bai taɓa zuwa ba. Ko rasuwar mahaifinsu a waya ya ji ta, ya yi salati ya ƙarasa aikin da ke gabansa.

Bayan sadakar arba'in yayarsa Uwa ta kira shi. "Gonar Baba fa? Ko ka dawo ka riƙe ta, ko mu sayar. Magada sun matsa."

"Shwaiya, a bi a hankali, Yaya, zan yi tunani."

Ana cikin haka maigidansa ya tura shi tsibirin Bali na Indonesiya, wai gani ya kori ji, ya je ya ga gonakin shinkafar da suke tallatawa, waɗanda aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu. Ikon Allah, ashe kallon shinkafa ma sai da tikiti! A ƙofa ya biya, hoto da malafa ya biya, ɗan jagora kuwa sai fara'a, har da ruwan kwakwa. Kowa na santin kyan wurin. Shi dai kore kawai ya gani.

Da aka ce akwai dashe ga mai so, da ƙarin kuɗi, sai ya tuɓe takalmi ya shiga. Nufinsa ya gwada kansa, in hannu bai manta ba zai koma gida. Kafin ya cika layi biyu bayansa ya riƙe. Ya fito ana tafa masa, aka miƙo masa tawul mai ƙamshi.

Yana goge ƙafa ya waiwaya. Tsohuwa mai gonar ta bi layinsa tana tuge abin da ya dasa tana sake kafawa, ba fushi, da gani aikinta ne kullum. Ashe nutsa dashen ya yi da yawa, kuskuren da Baba ke make musu hannu a kai suna yara. Ya jira kunya ko baƙin ciki, babu wanda ya zo.

Ran da ya koma ofis ya kira Uwa. "Yaya, ku sayar. Khalas, shi ke nan."

Ta ce, "Baba ne ya ce kada a taɓa gonar sai an tambaye ka. Wai duk cikinmu kai ka fi hannu a dashe."

"To," in ji shi, ya kashe wayar.